Rajistar bindiga a Kanada: yadda dala miliyan 2 ta koma biliyan 1

"Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure mana a majalisarmu kan batun yi wa bindigogin mafarauta da 'yan sintiri rajista. Wani abokinmu ya ce ɓarnar kuɗi ce kawai, wai Kanada ta gwada, aka ce aikin zai ci dala miliyan 2, ya ƙare da cin biliyan 1, daga baya suka rushe shi suka lalata bayanan. Gaskiya ne? In gaskiya ne, sace kuɗin aka yi ko kuwa? Kuma wannan ya isa hujjar a bar maganar rajista gaba ɗaya?" Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya kamo labarin ta wutsiya. Tambayoyi uku ka ƙulle wuri ɗaya: ko alƙaluman gaskiya ne, ina kuɗin ya shige, da kuma ko faɗuwar Kanada ta yanke wa kowa hukunci. Sana'ata binciken kuɗin ayyukan gwamnati ce, musamman irin waɗanda ake tara sunayen jama'a a rumbun bayanai, saboda haka ta gefen lissafi zan fi yi maka amfani. Abin da ya shafi kama mai laifi ko fassara doka, wannan na 'yan sanda ne da lauyoyi, zan taɓa shi ne kawai gwargwadon yadda ya shigo cikin lissafin.

Inda abin ya samo asali

Ranar 6 ga Disamba 1989 wani matashi ya shiga makarantar koyon injiniyanci ta Polytechnique a birnin Montiriyal da doguwar bindiga, ya ware mata daga maza, ya kashe mata 14. Bindigar ta halal ce a idon doka, a kanti ya saye ta. Wannan kisan shi ya girgiza Kanada, musamman lardin Kebek, kuma daga shi ne aka yi ta matsa wa gwamnati lamba har jam'iyyar Liberal ƙarƙashin Firaminista Jean Chrétien ta kawo dokar bindigogi ta 1995. Ministan shari'a na lokacin, Allan Rock, shi ya riƙe ragamarta.

A nan akwai wani bambanci da in ba ka riƙe shi ba duk gardamar za ta cakuɗe maka. Dokar ta zo da abu biyu. Na farko lasisi, wato tantance mutum: a duba tarihinsa, ya yi kwas na sanin yadda ake riƙe bindiga, a tuntuɓi matarsa ko wadda ya saka, sannan a ba shi kati na shekara 5. Na biyu rajista, wato rubuta kowace bindiga ɗaya bayan ɗaya da lambarta da sunan mai ita. Kamar lasisin tuƙi ne da takardun mota. Ƙananan bindigogi na hannu tun 1934 ake yi musu rajista a Kanada, ba wanda ya ɗaga murya a kai. Sabon abin shi ne dogayen bindigogi, na farauta da na gona, waɗanda manomi ke jinginewa bayan ƙofa don dila ko kerkeci in ya faɗa wa dabbobinsa. Su ne kusan miliyan 7 da aka yi wa rajista daga baya, a hannun mutum kusan miliyan 2.

Yanzu ga inda miliyan 2 ɗin ta fito. Ma'aikatar shari'a ta gaya wa majalisa cewa aikin zai ci dalar Kanada miliyan 119, amma za a karɓo miliyan 117 daga kuɗin lasisi da rajista da masu bindiga za su biya, saura miliyan 2 ke nan daga aljihun gwamnati. Ka ga tun farko ba a ce aikin miliyan 2 zai ci ba, cikon da aka zaci talaka zai yi ke nan. Duk wanda ya saba da takardun kasafi, da ya ga irin wannan lissafi gabansa zai faɗi. An jingina komai a kan zaton cewa mutanen da ba sa son dokar za su yi layi su biya kuɗi a kan lokaci, su kuma cike fom daidai.

A Disamban 2002 babbar mai binciken kuɗi ta ƙasar, Sheila Fraser, ta fitar da rahoton da ya tona asiri. Ta ce zuwa shekarar kuɗi ta 2004 zuwa 2005 shirin zai haura dala biliyan 1, abin da za a tara na kuɗin shiga kuwa bai wuce miliyan 140 ba. Rahotonta na 2006 ya sa kuɗin da gwamnati ta kashe zuwa Maris 2005 a kan miliyan 946 bayan an cire kuɗin shiga. Za ka ji wasu na cewa biliyan 2; wannan ya fito ne daga wani lissafi da kafar yaɗa labaran gwamnatin ƙasar ta yi a 2004, wanda ya haɗa da kuɗaɗen gefe, kuma ba kowa ya yarda da shi ba. Biliyan 1 ɗin dai ba gardama.

Ina kuɗin ya shige?

Rahoton Fraser bai ce wani ya cika aljihunsa ba. Laifin da ta fi nanatawa shi ne an bar majalisa cikin duhu. Maimakon a kawo cikakken kuɗin cikin babban kasafi a yi muhawara, sai aka riƙa karɓarsa guntu-guntu ta ƙwarya-ƙwaryar kasafi, inda 'yan majalisa ba su cika zuba ido ba. Har ta kai ta dakatar da binciken nata saboda takardun da ma'aikatar ta ba ta ba su isa a gane ainihin abin da aka kashe ba. A wurin mai bincike wannan ya fi ƙarin kuɗin muni, don aikin da ya yi tsada ana iya tsayar da shi in an gani da wuri.

Babban ramin farko na'ura ce. An ba da kwangilar manhajar da za ta haɗa ofisoshin bindiga na larduna da rumbun bayanan 'yan sanda, alhali ba a gama rubuta ƙa'idojin dokar ba. Duk sanda aka sauya ƙa'ida sai ɗan kwangila ya sauya manhaja, duk sauyi kuma da farashinsa. Kafin a ankara an yanke shawarar gina wata sabuwa ta biyu don ta maye gurbin ta farko, ita ma ta lashe miliyoyi ta yi ta jan ƙafa.

Rami na biyu shi ne fom, kuma shi na fi so ka tsaya a kai, don shi na sani da idona. An taɓa tura ni duba wani aikin tantance 'yan fansho a wani ofishi da ba zan ambata ba. Wanda ya tsara kasafin ya lissafa minti biyar kan kowane mutum. Sai ga wani dattijo da jakar leda ɗaure da zare, ya zazzage takardu a kan tebur: takardar ɗaukarsa aiki ta ce Muhammadu, littafin banki ya ce Mamman, katin shaida kuma an rubuta sunan da wani salo na uku, shekarar haihuwa ma biyu ce. Mutumin gaskiya ne, ya yi wa gwamnati aiki shekara talatin da wani abu, amma kwamfuta ta ce mutum uku ne. Kwana biyu muka yi a kansa, da buga waya da neman tsohon fayil a ɗakin ajiya mai ƙura. Ashe irinsa ba su ƙirguwa a layin. Minti biyar ɗin nan ta takarda ita ta cinye kasafin.

Haka ta faru a cibiyar sarrafa takardu da aka kafa a garin Miramichi na lardin New Brunswick. Mafi yawan fom ɗin da ke isowa da kuskure ko gurbin da ba a cike ba, sai ma'aikaci ya bi da waya ko wasiƙa. Bindiga kuma ba mota ba ce. Akwai ta gado wadda kaka ya bari, ba lamba a jikinta ko ɗaya, sai an buga mata lamba a takarda mai gam an manna. Akwai kamfanonin da suka maimaita lamba ɗaya a samfuri daban-daban. Akwai wanda bai san ko wane kamfani ya ƙera tasa ba. Sai da aka nemi masu sa kai su riƙa duba bindiga suna tabbatar da abin da aka rubuta. Wani mutum a Manitoba, don ya nuna raunin tsarin, ya cike fom da bayanan na'urar narka dalma, aka kuwa aiko masa da takardar rajista. Labarin ya zaga ƙasar, ya fi dogon jawabin kowane ɗan adawa illa.

Rami na uku shi ne turjiya. Mutane suka ƙi zuwa har sai wa'adi ya matso, na lasisi 1 ga Janairu 2001, na rajista 1 ga Janairu 2003, sannan suka auko gaba ɗaya, aka ɗauki ma'aikatan wucin gadi ana biyan kuɗin ƙarin lokaci. Don a lallashe su, gwamnati ta yi ta rage kuɗin da za su biya, wani lokaci ta yafe, har a 2004 ta soke kuɗin rajistar baki ɗaya. To ina miliyan 117 ɗin da aka yi alkawari za ta fito? Larduna kuma da dama, Albata da Saskachewan da Manitoba a gaba, suka ce ba za su gudanar da shirin ba, gwamnatin tarayya ta zo ta yi da kanta da kuɗinta. Albata ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a shekarar 2000 ta ce dokar tana cikin hurumin tarayya. Tarayya ta ci shari'a, amma daga baya yawancin larduna suka ce masu gabatar da ƙararsu ba za su gurfanar da wanda bai yi rajista ba. A can arewa mai ƙanƙara, al'ummar Inuwit da ke rayuwa da farauta suka samu umarnin kotu a yankinsu na Nunabut da ya dakatar da tilasta musu.

Wani abin da abokinka bai faɗa ba, watakila bai sani ba: biliyan ɗin kuɗin shirin ne dukkansa na shekara goma, kuma kaso mafi girma lasisi ne ya ci, wato tantance mutane. Ba rubuta dogayen bindigogi kaɗai ba. Kuma lasisin yana nan daram har yau.

Gardamar siyasa

A ganina kuɗi sanda ce da aka samu ta dukan abin da dama ba a so. Mutumin karkara a yammacin Kanada yana ganin mutanen Toronto da Montiriyal, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, sun mayar da shi abin zargi a kan laifin da 'yan daba ke yi a birni da ƙananan bindigogin fasa-ƙwauri daga Amurka. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne rashin yin rajista babban laifi ne a idon doka, wato mantuwar takarda na iya sa manomi ya samu tabo a kundin 'yan sanda. Sannan ga tsoron cewa rajista share fagen ƙwace ce: yau a rubuta, gobe a zo karɓa. Wani ɗan majalisa daga Saskachewan, Garry Breitkreuz, ya shafe shekaru yana tono takardun gwamnati ta dokar 'yancin samun bayanai, shi ya riƙa fito da alƙaluman tun kafin Fraser ta tabbatar.

Ɗaya ɓangaren ma ba da wasa ya zo ba. Ƙungiyar shugabannin 'yan sandan Kanada ta tsaya kai da fata a kan a bar rajistar. Hujjarsu ta aiki ce: in kotu ta ce a karɓe makaman mutumin da ya yi wa matarsa barazana, lasisi zai gaya maka yana da izini, rajista ce kaɗai za ta gaya maka guda nawa za ka nema. In ka karɓi uku alhali biyar ne, ka bar matar cikin haɗari. Likitocin sashen gaggawa da ƙungiyoyin mata suka ƙara da cewa kusan kashi uku cikin huɗu na mutuwar bindiga a Kanada kisan kai ne na mutum da hannunsa, kuma a karkara doguwar bindiga ce ke cikin gida. Suka ce 'yan sanda na leƙa rumbun sau dubbai a rana. Masu adawa suka amsa cewa yawancin leƙen nan kwamfuta ce ke yinsa da kanta duk sanda ɗan sanda ya duba sunan wani, kuma ɗan sandan da ya san aikinsa ba zai shiga gida da sakin jiki don allo ya ce babu bindiga ba.

Kowane gefe yana da gawar da yake nunawa. A 2005 an kashe 'yan sandan tarayya huɗu a Mayerthorpe ta Albata, wanda ya yi kisan an hana shi mallakar bindiga, kuma wadda ya harba ba ta da rajista. A 2006 wani ya buɗe wuta a kwalejin Dawson ta Montiriyal da bindigogi masu cikakkiyar rajista. Masu adawa suka ce ka gani, ba ta hana mai izini ba, ba ta kama marar izini ba. Masu goyon baya suka ce ai ba wanda ya ce takardun mota suna hana haɗari.

A nan lissafina ya kai iyakarsa, kuma gara in faɗa maka. Ina iya auna abin da aka kashe, amma ran da ba a rasa ba ba ya shiga littafin akanta. Kisan da ake yi da doguwar bindiga ya ragu a shekarun rajistar, gaskiya ne, sai dai ya fara raguwa tun kafin ta zo, kuma lasisi da dokar kulle bindiga a ma'aji sun zo kusan tare da ita. Masana sun yi bincike sun rabu, wasu sun ga tasiri, wasu ba su gani ba. Duk wanda ya ce maka ya ware rabon rajista ita kaɗai daga cikin wannan raguwa, riƙe maganarsa da hannu biyu-biyu.

Yadda aka binne ta

Stephen Harper na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya hau mulki a 2006 ba tare da rinjaye ba, sai ya yi ta ba da afuwa ga waɗanda ba su yi rajista ba, abin da ya sa bayanan suka riƙa tsufa. A Satumban 2010 wani ƙudurin soke ta, na 'yar majalisa Candice Hoeppner, ya faɗi da ƙuri'a 153 da 151, bayan wasu 'yan adawa na mazaɓun karkara sun janye goyon bayansu ga ƙudurin a ƙarshe. Da Harper ya samu rinjaye a 2011 bai ɓata lokaci ba, dokar rushewa ta fara aiki a Afrilun 2012, aka kuma goge bayanan. Kebek ta roƙi a bar mata na lardinta, aka ƙi, ta je Kotun Ƙoli ta faɗi a 2015 da alƙalai 5 da 4. Sai ta kafa tata daga tushe, wadda ta fara aiki a Janairun 2018.

Ga abin da ke ba ni takaici a matsayina na mai lissafi. Lokacin da aka rushe ta, biliyan ɗin ta riga ta tafi, ba mai dawo da ita. Ƙiyasin 'yan sandan tarayya, waɗanda shirin ya koma hannunsu tun 2006, ya nuna abin da za a tsimi in an daina rajistar dogayen bindigogi bai wuce dala miliyan 4 a shekara ba. Wanda ya ce a rushe don ba ta da amfani ko don ta ci zarafin manomi, yana da hujjar da za a saurara. Wanda ya ce a rushe don a ceci kuɗi kuwa ihu ne bayan hari. Goge bayanan ma siyasa ce tsagwaronta, an yi ne don kada wata gwamnati ta zo ta farfaɗo da ita cikin sauƙi. Kuma ta yi aiki, don ko Justin Trudeau, firaministan da ya gaji Harper, wanda jam'iyyarsa ta Liberal ce ta haifi dokar, bai yarda ya dawo da ita ba. Bayan kisan mutum 22 a lardin Noba Skoshiya a 2020 ya bi wata hanyar, ya haramta samfurin bindigogi kusan 1,500 da alkawarin gwamnati za ta saye su daga hannun masu su. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta diyyar kaɗai na iya kai dala miliyan 756, Albata da Saskachewan kuma suka sake cewa ba da 'yan sandansu ba.

To mu fa?

Tambayarka ta uku ke nan, kuma amsata a'a, labarin Kanada bai isa ya kashe maganar rajista ba. Niyu Zilan ta daina rajistar dogayen bindigogi a 1983, amma bayan harin masallatan Christchurch na 2019 da ya ci mutum 51, yawancinsu a sallar Juma'a, ta ga ba ta san abin da ke hannun jama'arta ba, ta buɗe sabuwa a 2023. Amurka kuwa dokarta ta 1986 ta hana gwamnatin tarayya kafa irin wannan rajista. Kowa da tarihinsa.

Sai dai kada majalisarku ta ɗauki Kanada ta ɗora a kan Funtuwa. Can ana gardama ne a kan mutanen da suka sayi bindiga a kanti da rasiti. Mu dokarmu ta bindigogi tun 1959 take, ta riga ta tanadi lasisi: manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, na kare kai a hannun sufeto janar, bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi bindiga su kare kansu, a 2023 sufeto janar ya dakatar da ba da lasisi. Mafarauci da ke tsakiyar waɗannan maganganu biyu, in ka miƙa masa fom, abin da zai fara tambaya shi ne ko in ya rubuta sunansa ba za a zo a ƙwace ta a bar shi da 'yan bindiga ba. Tsoron manomin Albata ke nan sak, kuma ka ga abin da ya jawo wa kasafi. Ga kuma bindigarsa ƙirar maƙerin gari ce, ba lamba ba sunan kamfani, sai an fara buga mata alama kafin a samu abin rubutawa.

Da ni aka tambaya, da na ce a fara da bindigogin da suka fi sauƙin ƙirgawa, wato na gwamnati da na rundunonin tsaron al'umma da jihohi suka kafa suke biya albashi. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce makamai 178,459 ba a san inda suke ba a ma'ajiyar 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078. In an kawo muku shirin rajistar mafarauta, tambayi mai kawowa nawa ya ware don gyaran fom ɗin da zai zo da kuskure, nawa zai ci kowace shekara bayan an gama bikin ƙaddamarwa, kuma in mutane suka ƙi biya, daga wane aljihu cikon zai fito.